Ranar da Aka Ce wa Radko A'a

Awara nake sayarwa a layin kasuwar Shiomi, nan ƙasar Japan, tun ina budurwa, kuma wanda ya tsufa a bayan kanta babu irin mutumin da bai gani ba. Amma wanda ya yarda da kansa irin Radko Minchev, mijin Chizuru 'yar yayana, ban taɓa cin karo da shi ba.

Mutumin Bulgeriya ne, ƙato, muryarsa kamar ana jan tebur a kan siminti, yana lodin kwalaye a kamfanin kifin gwangwani na bakin teku. Ba mugu ba ne, kada ku ce ni na faɗa. Cutarsa ɗaya ce. Ya shiga ajin koyon Japananci da ake yi wa baƙi a zauren unguwa, da aka kai darasin faɗin ra'ayi da nuna yarda cikin ladabi sai ya rufe littafi ya ce ya sauke.

"Goggo Tokuko," ya ce mini ran nan, ya tokare ƙofar shagona da kafaɗunsa, "yaren nan naku ba shi da wuya. Makullinsa ɗaya ne. Kowa ya yi magana ka ce masa so desu ne, shi ke nan kun zama aminai."

Zan riƙa gyara muku maganarsa, don in na kawo ta yadda take fitowa daga bakinsa sai mu wuni a nan.

A littafinsa, so desu ne "haka ne" ke nan. A bakinmu kuwa ya danganta. Wani sa'in haka ne ɗin ce, wani sa'in "ina jin ka" ce kawai. In kuma aka ja ta, aka karkata kai, aka kalli ƙasa, to an ƙi maganarka ke nan, an dai lulluɓe ƙin da kara. Mu ba ma jefa wa baƙo "a'a" tsirararta. Wannan kalmar ta cikin gida ce.

Farkon wanda makullin Radko ya buɗe wa ciki shi ne Malam Kuwabara, shugaban ƙungiyar unguwa, tsohon ma'aikacin gidan waya. Ya kai wa su Chizuru kwanon dafaffiyar kabewa, ya miƙa da hannu biyu yana faɗin abin da kowane mai ladabi ke faɗa.

"Uwargidana ba ta iya girki ba, abin ba daɗi, amma ku daure ku taɓa."

Ko yaron goye ya san amsar: haba, ina, ai girkinta ba na biyu. Radko ya ɗebi loma, ya tauna a tsanake, ya rusuna.

"So desu ne. Ni ma ra'ayina ke nan."

Matar Kuwabara na tsaye a bayan mijinta. Ta yi murmushi ta ce, "Kai, ka iya yarenmu sosai." Wannan ma abin da muke gaya wa duk baƙon da ya iya cewa sannu ne. Radko ya ɗauke ta shaidar kammala karatu, ya bi layi yana gaya wa mutane.

Da iyakar abin ke nan da dariya kawai zan sha. Amma akwai abin da ke cin Chizuru, kuma abin da ya ci ta ni ya ci, don ni na goye ta bayan rasuwar uwarta. Ubanta, Yaya Genzo, shi ke kaɗa babbar ganga a saman hasumiyar katako duk shekara a bikin rawar Bon, lokacin da ake taryen magabata da suka rasu. Mutum ne mai kaushin baki. 'Ya'yansa maza biyu sun yi furfura amma har gobe "kai sakarai" yake ce musu, kuma kowannensu ya hau hasumiyar nan ya koyi kiɗa yana shan ranƙwashi. Radko kuwa tun ranar ɗaurin aure "Malam Minchev" ne. A ba shi matashi mafi laushi, a zuba masa shayi, a raka shi har ƙofa ana rusunawa, kamar mai duba mitar ruwa.

Chizuru ta zo mini da tsohon cikinta, ta zauna a kan akwatin wake ta ce, "Goggo, in Baba ya ci gaba da yi wa mijina baƙunta, ina haihuwa za mu koma ƙasarsu. Ba zan raini ɗa a gidan da ubansa baƙo ne ba." Ni kuwa na san 'yar da na goya, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Shi gogan naka kuwa alfahari yake yi da abin.

"Baba ya fi girmama ni a kan 'ya'yan cikinsa," in ji shi. "Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Hasumiyar ma kunyata yake ji, shi ya sa bai gayyace ni ba. To zan sauƙaƙa masa."

"Ta yaya?" na tambaya, ina tsame awara daga ruwa.

Ya buɗe buhun da ya rataya, ya zaro wani abu. Fatar akuya ce sukutum, an cusa mata sarewu ta wuya da ta ƙafafu. A ƙasarsu wai hura ta ake yi ta kumbura, a matse ta a hammata ta yi kuka.

"Bana bikin Bon zai canja," ya ce. "Ni da Baba a sama, shi ganga ni salka. Zan koya wa mutane rawar garinmu, a riƙe hannu a yi da'ira. Sannan kowa ya sha miyar sanyi ta kindirmo da kokwamba da tafarnuwa. Goggo, mene ne ra'ayinki?"

Na karkata kai na kalli ƙasa. "So desu neee..."

"Mutum ɗaya ke nan," ya ce, ya lanƙwasa yatsa, ya fita neman sauran.

Ya fara da Kuwabara. Ni ina kallo daga ƙofar shago, don gidan na fuskantarmu. Kuwabara ya saurari shirin har ƙarshe, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya shafa ƙeya.

"Wannan kam... chotto..."

Chotto "kaɗan" ce. In mutum ya faɗe ta ya bar ta a rataye, yana nufin abin ya ɗan yi wuya, wato ko kusa. Radko ya tafa hannu.

"Kaɗan kake son ji? Ai ba komai, ranka ya daɗe."

Ya hura akuyar, ya matse. Abin da ya fito ba zan iya kwatanta shi ba. Karen Kuwabara ya shige ƙarƙashin mota yana amsa amshi. Mai gyaran keke ya leƙo da sifana a hannu, ya zaci an take wani abu mai rai.

"Yaya ka ji?" in ji Radko yana haki.

"Abin... yana da ƙarfi," in ji Kuwabara.

"So desu ne! Ni ma haka na gani."

Washegari ya dawo da kwanon miya don uwargidan Kuwabara ta ɗanɗana. Ta shinshina, idonta ya kawo ruwa, ta ɗaga tafin hannu ta ce, "Kekko desu." Mu in mun faɗi haka da hannu a sama, "na gode, bar shi" muke nufi. Littafin Radko ya ce masa "ya yi kyau". Daga ranar kullum da safe sai ta tarar da kwano a ƙofarta, kuma kwanon ƙara girma yake yi. Baiwar Allah ba ta iya zubarwa a kwata don kada a gani, sai ta riƙa bai wa shukokinta. Kafin mako ya zagayo duk layin warin tafarnuwa yake, furanninta kuma sun sunkuyar da kai.

Ya je wurin malamin ɗakin ibada, wanda a filinsa ake bikin. Malamin ya ce masa, "Zan yi tunani a kai." Radko ya fito yana cewa, "Kun ji manya. Har tunani zai yi, don abin ya shige shi." Ya je wurin Inna Shizue mai koya wa mata rawa, ta ce, "Da dai a ce ƙafafunmu na da ƙuruciya." Ya ce kada ta damu, a garinsu har masu sanda suna yi, ya kama hannunta ya juya ta sau biyu a tsakar titi. Sai da aka zaunar da ita aka yi mata fifita.

Chizuru ce kaɗai ta gaya masa gaskiya ƙiri-ƙiri, a gabana.

"Radko, babu wanda ya yarda. Ko mutum ɗaya."

"Wa ya ce a'a? Kawo mini sunansa."

"Ba za su ce ba. Ba a cewa."

"To kin gani. Ke matsalarki a cikin yaren aka haife ki, ba ki taɓa karanta shi daga waje ba. Ni kuwa da littafi na shiga."

"Littafin da ka tsaya a rabi?"

"Sauran maimaici ne."

Ta dube ni, na dubi awara. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Saura Yaya Genzo. Ana jibi biki Radko ya same shi a rumfar bayan gida yana shafa wa ganga mai, ni kuma na kai masa awarar rana. Radko ya durƙusa yadda aka koya masa, gwiwoyinsa suna ƙara. Yaya ya ajiye tsumma ya gyara zama, kamar kullum in baƙo ya shigo.

"Malam Minchev, sannu da zuwa. Kun same ni ina fama. Tsufa ya zo, hannu ya mutu, kiɗan nawa yanzu hayaniya ce kawai."

Na rufe ido, don na san abin da ke tafe.

"So desu ne," in ji Radko, cike da tausayi. "Ni ma na lura, Baba. Bara ma na ji kuna kuskure. A ra'ayina kuna bukatar mataimaki, ga ni kuwa."

Yaya Genzo fa, mutumin da yake kaɗa gangar nan tun kafin a haifi Radko. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, na ga kunnensa ya yi ja. Na ce yau za a yi ta. Amma sai ya sunkuyar da kai a hankali.

"An gode da kulawa, Malam Minchev."

Radko ya fito yana share hawaye. "Goggo, kin ji? Ya gode mini. Ya miƙa mini hasumiya."

Ranar biki da la'asar sakaliya fili ya cika. An ja igiyoyin fitilun takarda daga saman hasumiya zuwa ko'ina, mata sun yi da'ira cikin rigunan bazara, Yaya Genzo na sama yana kiɗa, kuma kiɗan ba kuskure ko ɗaya, in gaya muku. Sai ga Radko ya kunno kai yana tura baro, da tukunyar miya a ciki wadda za a iya yi wa yaro wanka a cikinta. Ya girke ta a gindin tsani.

Shi ma ya sa rigar bazara, fara sol, don wai ta fi fito da shi. Kuma da yake bai bari kowa ya taya shi ɗaurawa ba, ya ɗora ɓangaren dama a kan na hagu. Gawa kaɗai ake yi wa haka. Ku tuna ranar da matattu ke dawowa gida ce. Tsohuwa Ume, wadda idonta ya yi rauni, ta ga farin ƙato da shigar gawa rungume da mushen akuya, ta haɗa tafin hannu ta fara addu'a.

"Wannan na gidan wa ne?" ta tambaye ni. "Namu dai ba su kai haka tsawo ba."

"Na gidanmu ne, Inna. Da ransa."

"To a gaya masa."

Kafin a gaya masa ya hau tsani. Hasumiyar ta yi ƙara. Ya karɓe makirufo daga hannun mai sanarwa, ya rusuna har ya ƙume goshi da shi, ƙarar ta karaɗe fili. Yaya ya tsaya da gula a sama.

"Jama'ar Shiomi," in ji Radko, "ina godiya da goyon bayanku. Malam Kuwabara, wanda ya ce in busa masa kaɗan, yau zai ji da yawa. Uwargidansa, wadda ba ta iya girki ba amma ta san miya mai daɗi. Malamin ɗakin ibada, wanda ya yi tunani. Inna Shizue. Goggo Tokuko, wadda ta fara yarda. Da Babana, wanda hannunsa ya mutu. Duk kun amince, ko ba haka ba?"

Mutum ɗari da wani abu suka karkata kai lokaci guda suka kalli ƙasa. Wani gunaguni ya tashi a hankali: "So desu neee..."

"Madalla. A riƙe hannu."

Ya hura, ya matse. Karnukan unguwa suka ɗauka. Jarirai suka ɗauka. Matan da'ira, saboda kara, wasu suka kama hannun juna, wasu suka ci gaba da rawar da suka sani, aka yi karo, Inna Shizue ta zauna a cinyar mai sayar da gasasshiyar masara. Radko ya ga motsi ya ɗauka abin ya karɓu, sai ya fara taka rawa a saman hasumiyar da aka yi don tsoho ɗaya da ganga. Doguwar sarewar da ke bisa kafaɗarsa ta saƙale igiyar fitilu. Ya juya don ya kuɓutar da ita, igiyar ta tsinke, fitilu suka zubo a kan mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya ja da baya yana ba da haƙuri, ɗuwawunsa ya daki mazaunin ganga.

Gangar ta yi tangaɗi, ta yi kamar ta fasa, sannan ta bi tsani. Kowane mataki sai ta ce dum. A na ƙarshe ta yi tsalle ta faɗa tukunyar miya.

Kuwabara ne a kusa, ya matso ne don ya roƙi a sauko cikin ladabi. Kindirmo ya wanke shi daga kai har ƙafa, yankan kokwamba ya manne a gilashinsa. Salkar ta faɗo ita ma, ta saki sauran iskarta da wani dogon nishi, ta yi shiru. 

Kuwabara ya cire gilashi, ya goge, ya rusuna wa sama. "Ba komai," ya ce. "Da ma ana zafi."

Radko ya leƙo ta kan makari. "To in sake daga farko? Baba, mene ne ra'ayinku?"

Makirufo na nan a kunne, shi ya sa har masu kamun kifi a bakin teku suka ji.

"A'a!"

Muryar Yaya Genzo ce, amma ban gane ta ba da farko, don ban taɓa jin ta ta nufi Radko haka ba.

"A'a, na ce! Ban yarda ba, ban taɓa yarda ba, babu wanda ya yarda! Kai Radko, wane irin sakarai ne kai? Hannun wa ya mutu? Zo in gwada shi a ƙeyarka ka ji. Dubi rigarka, ko gawa ta fi ka iya ɗauri. Sauka ka tsamo mini gangata, jakin banza, ka wanke ta da hannunka. Gobe da sassafe ka same ni a rumfa. Tunda ƙafarka ba ta jin magana sai ta hau hasumiya, gara in koya maka abin da ake yi a kanta kafin ka kashe mu."

Ranƙwashin ma an ji shi a lasifika.

Na waiwaya na ga Chizuru ta dafe ciki da hannu ɗaya, ɗayan a baki, hawaye na zuba, kafaɗunta na rawa da dariya. 'Yan'uwanta maza biyu suka dubi juna, babban ya shafa ƙeyarsa kamar shi aka ranƙwasa. Ni kuwa daɗi ya kama ni har sai da na zauna a kan benci.

Radko ya sauko kamar an zare masa laka. Ya tsamo ganga, ya zauna a ƙasa yana goge ta da hannun rigarsa. Da na matso ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Goggo, ya tsane ni. A gaban duniya ya ce mini a'a. Littafin ya ce ba a yi."

"Me ya kira ka?"

"Sakarai."

"Kafin nan."

"Jaki... a'a, wannan daga baya ne." Ya bi maganar baya, leɓensa na motsi. "Radko. Ya ce kai Radko."

"Wa kuma ka taɓa ji ya ce wa sakarai a garin nan?"

Ya juya ya dubi 'yan'uwan matarsa biyu, waɗanda ke tattara fitilu. Ƙaramin ya ɗaga masa hannu ya ce, "Sannu da shigowa. Ka riƙa sunkuyawa ta hagu, da dama yake kai hannu."

Na ɗauka abin zai sa ya yi sanyi ko na wata guda ne. Ina. Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar shagona, ƙeya a kumbure, tafin hannu duk kanta ta fara fitowa, yana gaya wa masu sayen awara cewa a duk baƙin da ke ƙasar nan shi kaɗai ya kai matsayin da ake zaginsa. Chizuru na bayansa tana zaɓar wake, ta ce mini sun fasa tafiya, wai Baba ya ce jikansa ba zai tashi a inda ake matse akuya ba.

Radko ya ajiye wani kwano a kan kantata, ƙamshin tafarnuwa ya tashi.

"Goggo Tokuko, na yi wani tunani. Tunda yanzu na gane yaren ciki da waje, zan buɗe aji a zauren unguwa in riƙa koya wa mutanen Shiomi yadda ake faɗin ra'ayi. Za mu fara da Malam Kuwabara. Mene ne ra'ayinki?"

Kaina ya fara karkata da kansa, don sabo. Na tsayar da shi, na dube shi ido cikin ido.

"A'a. Kuma ɗauke mini wannan kwanon daga kan kanta, sakarai."

Ya ɗauki kwanonsa ya rungume, bakinsa har kunne, ya juya ga layin masu saye.

"Kun ji da kunnenku," ya ce. "Mutum biyu ke nan."